Rabonmu a Ƙwan Kazar Hajiya

A gidanmu da ke Sheshe, duk abin da yake numfashi yana da mai shi, har ma da wanda bai fara numfashin ba. Ƙwai nake nufi. Mahaifiyata, wadda kowa yake kira Hajiya, ta fara kiwon kaji tun kafin a haife ni, kuma tana da tsarinta da ba a taɓawa. Ranar da kaza za ta hau kwanci, sai ta ɗauki gawayi ta bi ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana yi musu alama: mai zane ɗaya na wance ne, mai zane biyu na wane, mai ɗigo na jikan da aka yaye bana. Tsako bai san an yi duniya ba, amma ya riga ya yi ubangida. In daga baya shirwa ta sure shi, har jaje Hajiya take aika wa mai shi, kuma dole ya amsa da fuskar wanda aka yi wa rashi.

Ni tela ne. Kekena a soron gidan yake, don haka duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gabana, mutum ne ko kaza. 'Yata ta fari sunan Hajiya ta ci, shi ya sa bakina bai taɓa faɗar sunanta ba. Uwata nake ce mata, Hajiya kuma ta ce Takwara. A shekarar da nake ba da labari tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karantar ilimin halittu, an kuma ba ta binciken kammala karatu a kan yadda jikin tsako yake fara haɗuwa a cikin ƙwai. Da na fara jin haka na ce mata in dai a kan ƙwai ake ba da digiri, mai shayin bakin layinmu ya daɗe da zama farfesa.

Wata rana da yamma ta dawo ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ko jakarta ba ta sauke ba. Na dubi fuskarta na ga kamar wadda aka aika da saƙon rasuwa ta manta gidan da za ta kai.

"Uwata, wa ya taɓa ki? Faɗa min in ɗauko almakashi."

"Abba, injin ƙyanƙyasar ɗakin gwajinmu ne. An ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi, ƙwan da na sa duk sun huce sun mutu. Karo na biyu ke nan. Yau kuma da aka kawo wutar da ƙarfi, injin ma ya ƙone."

"To sai me? A sake sa wasu."

"A ina? Malaminmu ya ce in ban kai masa hotunan da binciken yake buƙata ba zuwa ƙarshen mako mai zuwa, sai dai in jira baɗi."

A nan dariya ta bar ni. Baɗi ba gobe ba ce. Shekara guda za ta zauna a gida tana kallon ƙawayenta suna tafiya bautar ƙasa, ita da ta ƙarar da idonta a kan takarda tun tana ƙarama.

Na tashi a fusace na je wajen mai shayi na ɗauko ƙwai kiret guda na dire a gabanta kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima. Ta dube su, ta dube ni, sai ga dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Abba, waɗannan na gidan gona ne. Kajin da suka saka su ba su taɓa ganin zakara ba ko a hoto. Ko shekara aka yi ana ɗumama su ba abin da zai fito."

Na kasuwa kuma, waɗanda ake kawowa daga ƙauye, ta ce sun sha rana a hanya, ba wanda ya san ranar da aka saka su. Ita tana son ƙwan da ta san lokacin da ya fara jin ɗumi. Kiret ɗin nan mun yi kwana da kwanaki muna cinsa, har ƙaramin ɗana ya fara tashin mutane da asuba kamar zakara, ba a sa shi ba.

A wannan yammacin ne ta nuna min abin da take nema. Wani ɗan bidiyo ne a wayarta, malaminsu ya ba su, an ɗauke shi a hankali sannan aka hanzarta shi. Na ga wani abu kamar faifai, cike da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Sai geron ya fara motsi. Na dama suna zagayowa, na hagu suna zagayowa, suna haɗuwa a tsakiya, har wani layi ya fito ya miƙe, su kuma suna zuwa bakin layin suna nutsewa ciki.

"Kowane ɗigo ƙwayar halitta ce," in ji ta. "Da su ake gina jiki, naka da nawa da na tsako. Da farko shimfiɗe suke a saman gwaiduwa kamar tabarma. Sai sun tashi sun yi tafiya tare sannan a san ina ne kai, ina ne baya, me zai zama fata, me zai zama hanji."

"Wa yake kora su?"

"Ba kowa. Kowace maƙwabciyarta take ji. Wannan ta ja, waccan ta biyo, wata ta kutsa tsakanin biyu. Ka ga in an tayar da salla, na baya suna shigewa cikin sahun gaba, sai sahun ya ƙara tsawo, taron kuma ya rage kauri? To haka suke yi, har jikin ya miƙe."

"Waye limamin?"

"Babu wanda yake tsaye a gaba. Akwai dai sinadaran da suke fitarwa suna sanar da juna inda za a nufa."

Na ce lallai waɗannan sun fi mu tarbiyya. A masallacin unguwarmu ga liman, ga ladan, ga wani dattijo da ya naɗa kansa sarkin jan riga, amma in ka leƙa sahunmu daga gefe sai ka rantse maciji ne ya wuce.

Hoto uku take buƙata da hannunta: lokacin da layin nan ya fito, lokacin da shimfiɗar ta naɗe ta zama bututu, da lokacin da zuciya ta fara bugawa. Muna cikin maganar sai ga babbar kazar Hajiya ta ratsa soron tana ƙurƙur, gashinta a tashe, alamar tana shirin kwanci. Uwata ta bi ta da kallo. Ni ma na bi ta da kallo. Muka dubi juna.

Dole in faɗi wace ce wannan kaza. Wake-wake ce, ƙatuwa, mai idon alƙali. Kyanwar maƙwabtanmu saboda ita ta yi ƙaura zuwa Gwale, ba ta ko dawo ɗaukar kayanta ba. Kazar nan injin ƙyanƙyasa ce da ba ruwansa da wuta ko janareto, sai dai mai shi ta fi shi wuyar sha'ani.

Mun sami Hajiya a rumfa tana tsintar wake. Na fara da doguwar gaisuwa, na yabi lafiyarta, na yabi waken, na kawo tarihin yadda ilimi yake ɗaga darajar gida. Ta bar ni har na gaji.

"Kai, faɗi abin da ya kawo ka. Tun kana goye in ka fara zaƙin baki na san akwai abin da ka hango."

Uwata ta karɓe zancen ta yi bayani. Hajiya ta ajiye faifan.

"Takwara, ƙwan da rai zai shiga za ki fasa don ki ɗauki hoto? Hoton ma ba na biki ba? Wannan bokon naku ya rasa abin yi ne?"

"Tsohuwa, ke fa kike yanka su in sun girma."

"In sun girma! Sun ci, sun sha, sun ga duniya. Kuma ko na so ba nawa ba ne. Na riga na rabar a zuciyata, gawayi kawai ya rage."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe Uwata ta zo da shirinta.

"Hajiya, sagarar da kika ba ni ranar saukata fa?"

"Wannan ai ta daɗe da mutuwa."

"Ta mutu ba ta bar baya ba?"

Nan aka buɗe shari'ar gadon da ban taɓa jin irinta ba. Dokar Hajiya ce da bakinta: wanda aka ba kaza, yana da rabo a duk kwancin da zuriyarta za ta yi. Sai aka shiga jero dangantaka. Sagarar sauka ta haifi ja mai ɗingishi. Ja mai ɗingishi ta haifi baƙar da ta faɗa rijiya aka ciro ta da guga. Baƙar kuwa ita ce uwar wake-wake. Hajiya ta ce a'a, wake-wake 'yar farar da aka kawo daga Ƙofar Ruwa ce. Aka kira matata daga madafa ta ba da shaida. Ta fito da muciya a hannu, ta dubi surukarta, ta dubi 'yarta, ta ce ita dai ta san farar ba ta taɓa ƙyanƙyasa ba, muzuru ya riga kowa, ta juya da sauri ta koma kan tuwonta.

Hajiya ta jawo faifan tana juya wake. Mace ce da ba ta son a kayar da ita, amma ta fi ƙin a ce ta ci haƙƙin wani.

"Kin shiga boko kin daina tambaya, ni kuma na daina ware miki. Laifinmu ne mu biyu. Uku ne naki. Uku. Ko shugaban jami'ar ne ya zo da rawani ba ƙari. Kuma ba a gabana ba."

Hoto uku, ƙwai uku. Babu na kuskure.

Kazar ta hau kwanci wata ranar Talata bayan azahar. Washegari da hantsi na rufe shago, na gaya wa masu ɗinki ana tiyata a gidan. Aikin ɗauko ƙwai daga akurki ni aka ba. Na naɗe hannuna da ƙyallen shadda ninki huɗu na shiga da bismilla. Duk da haka ta same ni. Tabon yana nan, in ana sanyi har yanzu yana min zogi, kuma na gaya wa 'ya'yana in na mutu a rubuta cewa na ba da jinina saboda ilimi.

Teburin yankana ya zama ɗakin gwaji. Na ɗinka ɗan ƙaramin gammo aka kwantar da ƙwan a kai. Uwata ta huda gefe ta zuƙe ɗan farin ƙwan da sirinji don gwaiduwar ta sauka, ta manna salatif a saman ɓawon, ta karɓi ƙaramin almakashina na cire zare ta yanka taga kamar faɗin farcen babban yatsa. Ta ce abin da ake nema fari ne a kan rawaya, ba ya ganuwa sai an sa baƙi a ƙarƙashinsa. Tawadar da suke amfani da ita tana can a kulle a ɗakin gwaji, don haka tun daren jiya na kankaro baƙin tukunya na dama da ƙaro yadda muke yi muna yara, ta tace ta a ƙyalle har sau ba adadi. Sai wani ɗan madubi mai ƙara girman abu da ta aro, wanda ake maƙalawa a waya.

Ta leƙa na farko. Ta daɗe tana leƙawa. Sannan ta ɗago.

"Babu komai, Abba. Zakara bai taka wannan ba."

Na leƙa tsakar gida na ga zakaran Hajiya a kan turmi yana buɗe ƙirji kamar shi ya gina ganuwa. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Uwata ba ta yi dariya ba. Saura biyu, hoto kuma uku.

Na koma akurki, kazar ta ƙara min wani tabon. Wannan karon da aka yanka taga, ta zura allurar a hankali ta saki tawadar a ƙarƙashi, sai baƙin ya bazu, wani abu fari ya taso a kansa. A fuskar wayar na gan shi sarai: fili mai siffar tafin takalmi, da layi a tsakiyarsa, miƙaƙƙe kamar karin guga a sabon wando. Jiya war haka babu shi. Ba alli, ba ma'auni, ba wanda ya ja shi. Uwata ta shiga ɗaukar hoto. Ni kuwa aka ce in haska da tocila.

Na uku bayan la'asar aka buɗe shi. Hajiya, wadda ta ce ba a gabanta ba, tun da aka fara sai ga ta ta zo soro neman buta. Ta koma. Ta dawo neman tsintsiya. Ta koma. A karo na uku ta ce carbinta take nema, alhali yana wuyanta.

"Tsohuwa, zo ki gani kawai, ba wanda zai gaya wa kajinki."

"Ni ba gani na zo yi ba. Matsa can."

Ta sunkuya, ni ma na sunkuya. Cikin rabin yini abin ya sauya kamar ba shi ba. Gefe biyu na shimfiɗar sun taso kamar leɓɓan aljihu, sun karkato sun haɗu a wani wuri, sama da ƙasa kuma da saura a buɗe. A gefensu ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule a jere, biyu-biyu, kamar maɓallan kaftani.

"Daga inda suka haɗu za su ci gaba da rufewa, gaba da baya, kamar zif," in ji Uwata. "Wannan bututun shi zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya. Abba, ka san yadda bakin wando yake tattarewa in an ja mazagi? Ƙwayoyin da ke tsakiya haka kowace take tsuke samanta. In sun tsuke tare, dole shimfiɗar ta lanƙwasa."

Tun ina saurayi nake ninke yadi, ban taɓa ganin yadin da ya ninke kansa ya kuma ɗinke kansa ba. Na ce da za a samu irinsa a kasuwar Kwari da na huta, in kwanta kawai in riƙa karɓar gaisuwa.

Hajiya ba ta kula ni ba. Ta ƙara matso da fuskarta.

"Takwara, wannan ɗan zaren ne zai tashi ya yi cara?"

"Shi ne, Hajiya."

"Ikon Allah," in ji ta a hankali. Ta miƙe ta shige ciki, ba buta ba tsintsiya.

Hoto biyu sun samu, kyawawa. Na zuciya ne babu, kuma malamin ya riga ya ce ukun yake so. Lokacinsa washegari ne bayan azahar. In ya wuce, ya wuce, don ƙwan da ke ƙarƙashin kaza ba sa jiran kowa. Na ce wa Uwata in ta yarda zan shiga akurki in yi abin da ya kamata, in aka tambaya mu ce ɓera ne. Ta ce a'a, an ce uku ta kuma amsa uku. Na je na sami Hajiya ni kaɗai na fara sabon zaƙin baki. Ta ce sauran na yara ne, amana ce, ba ta da ikon ba da abin da ta riga ta bayar. Na dawo na zauna a kan keke, na ɗinka hannun rigar wani bawan Allah a wuyan rigar, sai da na farke.

Washegari bayan azahar Uwata tana soro tana goge ɗan madubin za ta mayar wa mai shi. Ni kuma ina kan keke. Sai muka ji takun Hajiya. Ta shigo da wani abu a naɗe a bakin mayafinta, ta kwance ta ɗora a kan gammon. Ƙwai ne, da ɗuminsa, an zagaye shi da da'irar gawayi.

"Hajiya, na wa ne wannan?" in ji Uwata.

"Na ubanki ne. Tambaye shi in zai ba ki."

Na waiga bayana ko akwai wani uban.

"Nawa?"

"Naka mana. Tun da aka yaye ka nake ware maka ɗaya a kowane kwanci. Kazar da kake ci kai kaɗai duk Sallah, ka ɗauka daga sama take faɗowa? Jiya da ka zo kana ta surutu na jira ka tambayi naka, ka tambayi na kowa ban da shi."

Ga ni da furfura a gemu, ga 'ya a jami'a, ashe har yanzu ina cikin jerin yaran da ake yi wa zane da gawayi.  Na gyara hula na ce zan bayar, amma da sharaɗin a raba digirin biyu a ba ni ɓangaren da ke da hatimi.

"Yanka, Takwara, kafin ya huce. Wannan in ka biye masa sai magariba."

Uwata ta yanka taga. Wannan karon tun kafin a sa tawada muka ga wani jan zane-zane ya kewaye fili kamar saƙar gizo. Da baƙin ya shiga ƙarƙashi, sai ga ɗan abu a kwance, kansa ya lanƙwaso kamar ƙugiya, bututun jiya ya rufe, maɓallan sun ƙaru sun yi dogon layi. A gefen ƙirjinsa kuma wani ɗan ƙulli yana motsi. Ya tsuke, ya saki. Ya tsuke, ya saki.

"Ita ma daga gefe biyu ƙwayoyinta suka taho suka haɗu a tsakiya," in ji Uwata, muryarta ƙasa-ƙasa, idonta a kan waya. Ta ɗauki hotuna, ta ɗauki bidiyo, ta sake ɗauka. Nan take ta tura wa malamin nasu duka ukun. Ba a daɗe ba wayar ta yi ƙara. Ta karanta, ta rufe fuskarta da tafin hannu, ta ce ya ce sun yi, ta kawo rubutun ranar Litinin.

Na yi kabbarar da ta sa wani mai wucewa ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi. Hajiya ba ta ɗago ba. Ta jawo kujerar masu awo ta zauna a gaban teburin, ta karɓi wayar a hannunta.

"Ba za a iya mayar da shi ba ko?"

"Ko an rufe tagar, kaza za ta juya shi ya zube, Hajiya. Ba zai kai ba."

"To a bar ni da shi."

Muka bar ta. Ta zauna tana kallo, leɓɓanta suna motsi, ƙwan yana hucewa, bugun yana raguwa kaɗan-kaɗan, har ya zama sai an jira kafin a ga na gaba. Da ya tsaya ta miƙa wa Uwata wayar, ta dafa teburin ta tashi. A bakin ƙofar shiga gida ta juyo ta dube ni.

"Kai kuma bana ba ka da kazar Sallah. Kada in ga hannunka a kwanon kowa."